Ina da NCE, ina so in ƙaro takardar koyar da masu buƙata ta musamman: ta ina zan faro?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a wata makarantar gwamnati a cikin garin Jos. Shekarata 11 ina koyarwa, yanzu ina riƙe da aji biyu. NCE gare ni a fannin ilimin firamare, kuma na yi rajista da TRCN. A ajina akwai wani yaro ɗan shekara takwas da ya yi ciwon sanƙarau shekara biyu da suka wuce, tun daga nan ba ya ji sosai. Yara 70 ne a ajin. Ban san yadda zan yi da shi ba, sai dai in ga yana ta kallon bakina, idan na tambaye shi abu ya yi murmushi kawai. Shi ne ya sa min sha'awar ƙaro karatu a fannin koyar da masu buƙata ta musamman. Na ga wata talla a WhatsApp ta kwas na mako shida ta intanet, naira 80,000, wai za a ba da satifiket na ƙasa da ƙasa. Shin wannan ya isa? In bai isa ba, wace hanya zan bi? Maigidana yana ganin wahala ce kawai, ba za ta ƙara min ko kwabo ba, ga shekaruna 39, ga yara huɗu. Sannan ina tsoron kada in gama a ɗauke ni daga makarantarmu a kai ni makarantar kurame nesa da gida. Don Allah a ba ni shawara.

Wata malama daga Jos

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika lura da yaron nan. A cikin yara 70, da hayaniyarsu da ƙurar alli, ki gane cewa ɗaya bakinki yake kallo ba allo ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa irinsa suna gama firamare ana ce musu daƙiƙai ko masu kunnen ƙashi, ana dukansu a kan abin da ba su ma ji an hana ba.

Ki yi karatun. A kan wannan ba ni da wani kokwanto. Inda nake da magana shi ne wane karatu, a ina, da kuma abin da za ki fito da shi a hannunki. Da gangan na ce a hannunki, ƙanwata, domin wannan fanni aikin hannu ne kafin ya zama aikin takarda, kuma a nan ne na fi so ki saurare ni. Amma bari mu fara sallamar mai tallar WhatsApp.

Takardar da za ta motsa fayil ɗinki a ofishin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ita ce wadda ta fito daga makarantar da hukuma ta san da zamanta. Kwalejojin ilimi suna ƙarƙashin NCCE, jami'o'i suna ƙarƙashin NUC, lasisin koyarwa kuma na TRCN ne, hukumar da aka kafa da doka a 1993. TRCN ta kasa malamai gida huɗu: mai NCE yana rukunin D, mai digirin farko C, mai digiri na biyu B, mai digirin digirgir A. Satifiket na mako shida ba shi da gurbi a cikin huɗun nan, ko da an buga masa tambarin zinare. Ban ce duk gajeren kwas yaudara ba ne. Akwai masu kyau da ke buɗe wa malami ido, wasu ma kyauta ne, ni kaina na amfana da irinsu. Sai dai mutum ya shiga da sanin cewa ilimi ya je nema, ba ƙarin girma ba. Idan mai tallar ya ce takardarsa daidai take da difloma, ki tambaye shi sunan jami'ar da za ta sa hannu a kai, ki duba sunan a jerin da NUC take fitarwa a shafinta. Yawanci daga wannan tambayar ba za ki sake jin ɗuriyarsa ba. Ki adana kuɗinki, za su yi miki rana wajen sayen fom da rajista.

Hanyarki a miƙe take, kuma kin yi sa'ar gari. Jami'ar Jos tana da sashe sukutum na wannan fanni a tsangayar ilimi, kuma yana cikin sassan da suka daɗe suna yaye malaman kurame da makafi a ƙasar nan. Mai NCE ba ya komawa farko. Za ki sayi fom ɗin DE na JAMB, wato shiga kai tsaye, a ɗauke ki a aji biyu, ki yi shekara uku ki fito da digirin ilimi. Za a duba sakamakon NCE ɗinki da kiredit biyar na sakandare, har da Turanci. Sauran sharuɗɗa sukan sauya daga shekara zuwa shekara, saboda haka ki taka da ƙafarki zuwa sashen ki ji daga bakin jami'in da ke kula da ɗaukar ɗalibai. Gani ya kori ji. A nan ne za ki tambaya ko a bana akwai tsarin karatun lokacin hutu, wanda malamai ke kira sanwic, ko na ƙarshen mako, a wannan fannin takamaimai, domin ba kowane kwas ake buɗe wa irin wannan tsari ba. Yakan fi daɗewa, amma ba sai kin bar aji ba. Ki kuma fara neman takardar sakamakonki ta dalla-dalla daga kwalejin da kika gama tun yanzu, don fitowarta takan ɗauki watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wasu wuraren: Jami'ar Bayero a Kano tana da sashen, haka Jami'ar Ibadan, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin Oyo, wadda aka kafa a 1977 domin wannan aikin musamman. Amma ga mai miji da yara huɗu a Jos, ban ga dalilin tsallake na ƙofar gida ba. Wasu za su ce ki sake wata NCE a fannin. Ita ma shekara uku ce, kuma ki fito kina nan a rukunin D. Ban ba ki wannan shawarar ba. Ga masu karatu da suka riga suka yi digiri kuwa: idan digirin ba na koyarwa ba ne, sai an fara da PGDE, wato babbar diflomar koyarwa, wadda jami'o'i da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna suke bayarwa, sannan a nemi mastas a fannin. Idan na koyarwa ne, sai a tambayi sashen ko za su ɗauki mutum mastas kai tsaye ko sai ya bi ta babbar difloma.

Kafin ki biya kuɗin makaranta, ki nemi izini a rubuce. Takardar ta bi ta hannun hedimasta, ta je ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ta isa SUBEB, kuma a kowane tebur ki sa a buga miki hatimin an karɓa a jikin kwafinki. Ina nanata wannan ne saboda abin da ya sami wata abokiyar aikina. Shekara huɗu tana karatu a lokacin hutu, tana sarin atamfa tana sayarwa don ta biya kuɗin makaranta. Shugabanta da baki ya ce mata, je ki, ba komai. Ranar da ta kai digirin a gyara mata mataki, aka buɗe fayil, babu takardar izini, shugaban kuma ya yi ritaya ya koma ƙauyensu. Sai da ta shekara biyu tana sintiri daga wannan ofis zuwa wancan kafin a saurare ta. Ko hutun ƙaro karatu da albashi kike nema, ko izinin yin na lokacin hutu, ki riƙe amsar a rubuce.

Yanzu ga inda maganar take. Ilimin masu buƙata ta musamman ba abu ɗaya ba ne, rassa ne, kuma kowane reshe da irin gwanintarsa. Akwai na kurame da masu ƙarancin ji. Akwai na makafi da masu raunin gani, ciki har da zabiya, waɗanda sau da yawa hasken rana da ƙananan haruffa ne ke wahalar da su. Akwai na masu jinkirin fahimta. Akwai na yaran da kaifin basirarsu lafiya lau amma karatu ko lissafi ya ƙi shiga, irin yaron da zai ba ki labari tsaf da baki amma ya kasa bambance b da d har aji huɗu. Akwai masu larurar otizim, mai shafar yadda yaro ke magana da cuɗanya da mutane, wadda a Hausa ake yawan lulluɓe ta da wasu larurori dabam a ƙarƙashin kalma ɗaya, galahanga, alhali kowace da yadda ake tafiyar da ita. Har masu baiwa ta fitar hankali suna cikin fannin, su ne aka yi wa makarantar tarayya ta Suleja. A farkon karatu za a ɗanɗana miki kowanne, daga baya ki zaɓi ɗaya ki zurfafa.

Da a ce lissafin yawa kawai za a bi, da na ce ki ɗauki reshen masu wahalar koyo, don su ne suka fi yawa a aji irin naki kuma ba a ganinsu da ido. Amma zuciyarki tana kan yaron nan, kuma abin da zai riƙe mace mai yara huɗu a kan littafi da ƙarfe goma na dare, ga sanyin Jos, sai abin da zuciyarta take kai. Don haka bari in faɗa miki gaskiyar reshen kurame.

Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun Najeriya ta samo asali ne daga ta Amurka. Wani baƙar fata kurma ɗan Amurka, Andrew Foster, shi ne ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, kuma daga ɗalibansa ta bazu. Shi ya sa haruffanta 26 ne na Turanci, ana yin su da hannu ɗaya, kuma a aji da Turanci ake haɗa ta. Kuramen Hausawa kuwa suna da tasu maganar hannu tun kafin zuwan makarantu, wadda za ki gani a kasuwannin Kano da sauran garuruwa, da alamominta na tuwo da goro da salla da aure. Malamar da za ta yi aiki da yaran Hausawa tana buƙatar ta makaranta, kuma ya kamata ta girmama ta gida, domin da ita yaron yake magana da mahaifiyarsa.

Ranar da na fara shiga ajin kurame, na riga na ci jarrabawar alamomi, na haddace ɗaruruwan kalmomi daga littafi. Yara goma sha biyu suka miƙe suka gaishe ni. Sai wata yarinya ta yi min tambaya, hannuwanta suna tafiya da sauri, girarta a ɗage. Ban tsinci komai ba. Ta maimaita a hankali, ban gane ba. Sai ta sauke hannuwanta a kan cinyarta ta juya ta dubi ƙawarta, kuma na karanta abin da ke fuskarta sarai: ga wata kuma an kawo mana wadda ba za mu iya magana da ita ba. Na koma gida na yi kuka ranar. Wanda ya cece ni wani dattijo ne kurma, kafinta, da na riƙa zuwa rumfarsa kowace Asabar. Yana fere katako, ya ajiye, ya gyara min yatsu da hannunsa mai kaushi. A wurinsa na gane cewa rabin maganar a fuska take. Ɗaga gira yana mayar da zance tambayar e ko a'a, haɗe gira yana nufin me, ko ina, ko wa. Alama ɗaya, ki yi ta da sanyi ko da ƙarfi, ma'ana ta sauya. Ba littafin da zai koya miki wannan, balle bidiyon mako shida. Sai da na yi wata shida kafin yaran suka raɗa min suna da hannu, alamar da ke nuna tabon da ke gefen haɓata. A wurin kurame, ranar da suka raɗa miki suna, ranar suka karɓe ki.

Saboda haka idan kin je sashen, bayan tambayar kuɗi da shekaru, ki tambaya: awa nawa ake yi a mako ana gwada maganar hannu a aikace? Akwai kurame a cikin masu koyarwa ko masu taimakawa? A ina ake tura ɗalibai koyarwar gwaji? Jiharmu ta Filato tana da makarantar kurame a Bassa, ba nisa da Jos, Abuja kuma tana da tata a Kuje. Ki yi ƙoƙari a tura ki irin waɗannan wuraren, ko da ya fi wahala a kan a bar ki a makarantar unguwa a sa miki hannu a takarda. Kuma kada ki jira sai an ba ki gurbin karatu. Ƙungiyar kurame ta ƙasa tana da rassa a jihohi, kurame manya suna da wuraren haɗuwarsu a cikin gari, kuma ban taɓa ganin sun kori mai son koyo ba. Ki nemi mace kurma da za ki riƙa zama da ita sau ɗaya a mako, ki kuma biya ta ladan lokacinta, don malama ce. Na ga masu digiri da sakamako mai kyau waɗanda ba za su iya tambayar yaro kurma ko ya karya kumallo ba. Wannan yana ci min rai ƙwarai, domin an cike gurbin da sunansu, an rubuta cewa makarantar tana da ƙwararre, yaron kuma yana nan shi kaɗai.

Haka abin yake a reshen makafi, in da can zuciyarki ta karkata daga baya. Rubutun birel, wanda makafi ke karantawa da yatsu, ɗigo shida ne, uku a hagu uku a dama, daga cikinsu ake fitar da siffofi 63, kuma Hausa tana da nata alamomin na ɓ da ɗ da ƙ. Idan da allon hannu da tsinke za ki rubuta, daga dama kike farawa zuwa hagu, domin ta bayan takarda kike hudawa, sai an juya ta sannan ɗigon ya taso a karanta daga hagu. Mu da muka taso da allo da ajami, faro rubutu daga dama ba baƙon abu ba ne a gare mu. Akwai keken rubutu na Perkins, akwai ƙirgen duwatsu na lissafi, akwai manhajar NVDA da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar kwamfuta, kuma kyauta ce. Makarantar makafi ta Gindiri, wadda mishan suka kafa a 1953, ita ce ta farko a Najeriya, kuma tana nan a ƙaramar hukumar Mangu. A Abuja akwai ta Jabi. Duk waɗannan sai yatsu sun saba, sai an yi kuskure ɗari an huda takarda ba daidai ba.

Maganar maigida kuwa, kada ki raina ta, yana da hujja ta wani ɓangaren. Ba zan yi miki alkawarin wani alawus na musamman ba, domin wannan ya danganta da jiha da gwamnatin da ke ci. Abin da ke tabbas shi ne digirin kansa. A tsarin aikin gwamnati mai NCE yana farawa a mataki na 7, mai digiri a na 8, kuma akwai rufin da mai NCE yake kaiwa ya tsaya, wanda digiri ke ɗagawa. Ke da kika shekara 11 kin wuce matakin farawa, don haka ribarki tana can gaba, wajen ƙarin girma da abin da za a lissafa miki a ƙarshen aiki. Bayan haka, gwanintar tana da kasuwa. Makarantu masu zaman kansu, musamman a Abuja, suna neman malaman da suka iya aiki da yara masu otizim da masu wahalar karatu. Wanda ya iya maganar hannu da gaske ana nemansa tafinta a asibiti, a kotu, a taro, a talabijin, har a wuraren wa'azi. Shekaru kuma ba matsala ba ce. Idan kin gama kina da 42 ko 43, ko a tsohon tsari na ritaya a shekara 60 kina da kusan shekara 18 a gaba. Dokar 2022 ma ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, duk da kowace jiha da yadda ta karɓe ta.

Doka ma tana bayanki. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce mai naƙasa yana da haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su kasance a buɗe gare su, kuma kowace makaranta ta sami aƙalla ƙwararren ma'aikaci ɗaya da zai kula da karatunsu. Ta ce a sa birel da maganar hannu a manhaja. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa ta masu naƙasa a Abuja, babban sakatarenta na farko James Lalu, kurma ne ɗan jihar Filato, wanda ya gaje shi, Ayuba Gufwan, shi ma ɗan Filato ne. Aiwatar da dokar tafiyar hawainiya take yi, wannan ba na ɓoye miki. Amma ki ƙirga makarantun firamaren da ke cikin Jos ta Arewa kaɗai, ki tambayi kanki nawa ne suke da wannan ƙwararren guda ɗaya. Gurbin a buɗe yake. Idan kuna zancen da maigida, ki tuna masa da Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zo neman ilimi har aka saukar da Suratu Abasa a kan lamarinsa, wanda daga baya ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Sannan ki zauna da shi ku tsara yadda gida zai tafi a lokacin jarrabawa, wa zai kai yara makaranta, wa zai riƙe girki. Yawancin matan da na ga sun ajiye karatu a tsakiya, ba kwas ne ya kayar da su ba, rashin wannan tsarin ne.

Batun canjin wurin aiki: yana iya faruwa, ba zan ce miki a'a ba, don hukuma ce ke da ikon tura ma'aikacinta. Sai dai alkiblar da manufar ilimi ta fuskanta tun bayan taron Salamanka na ƙasar Sifaniya a 1994 ita ce a koyar da yara tare a makarantar unguwarsu, kuma Najeriya ta rungumi wannan a rubuce. Kina da hujjar da za ki nemi a bar ki inda kike, a ba ki ɗaki ko da ƙarami ne, inda za ki riƙa ɗauko irin waɗannan yara daga azuzuwa na ɗan lokaci kowace rana, kina kuma nuna wa sauran malamai dabaru. Ra'ayina a nan, kuma na san wasu abokan aikina ba su yarda da ni ba: a zaunar da yaro kurma a cikin yara 70 ba tare da mai iya magana da shi ba, wannan ba haɗa shi da 'yan'uwansa ba ne, ajiye shi aka yi. Yaron da ba ya ji sam yana buƙatar sa'o'insa kurame da zai yi hira da faɗa da wasa da su, don a nan harshe yake girma. Makarantun kurame suna da muhimmanci, kuma idan ƙaddara ta kai ki can, ba hukunci ba ne.

Amma yaronki ba zai jira shekara uku ba, Malama. Ranar Litinin ki kira mahaifiyarsa. A kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, a yi masa gwajin ji, a ba su takardar da ke nuna ƙarfin ƙarar da kowane kunne yake iya kamawa. Sanƙarau yakan lalata can cikin kunne ne, kuma sau da yawa jin ba ya dawowa, amma sai gwaji zai nuna abin da ya saura, kuma jinkiri yana rage abin da likita zai iya yi. Ki roƙe su kada a ɗiga masa mai ko wani jiƙo a kunne, kada kuma su sayi na'urar ƙara ji a kasuwa, don ana saita ta ne daidai da sakamakon gwajin mutum.

A aji, ki dawo da shi layin gaba, ɗan gefe, inda zai ga fuskarki ya kuma iya juyawa ya ga mai ba da amsa. Hasken taga ya sauka a fuskarki, kada ya kasance a bayanki. Kada ki yi bayani kina fuskantar allo: ki rubuta, ki juyo, sannan ki yi magana. Lokacin hunturu, da muke rufe tagogi muna ja mayafi har hanci, ki tuna cewa kin rufe masa littafinsa ne. Kada ki yi masa ihu, ihu yana murɗe siffar baki. Kuma kada ki ɗauka kallon baki ya wadatar. Ki tsaya gaban madubi ki ce baba, ki ce mama, ba da murya ba. Ki ce bara, ki ce mara. Leɓe iri ɗaya yake motsawa. K da g da ƙ kuwa a can cikin baki suke, ba a ganinsu sam, haka karin sautin da ke raba kalmomin Hausa da yawa. Murmushin nan da yake yi idan kin tambaye shi, kunyar cewa bai gane ba ce. Don haka ki rubuta kalmar darasin a allo, ki nuna abin a zahiri ko a hoto, ki ce ya nuna miki amsa maimakon ki tambaye shi ko ya gane. Ki zaunar da shi kusa da yaro mai haƙuri da zai riƙa nuna masa shafin da ake. Ki faɗa wa mai tsaron ƙofa da malamin horo cewa yaron nan ba ya jin ƙararrawa.

Yana da wata babbar dukiya: ya kai shekara shida yana ji, Hausa tana kansa cif. Ki riƙa sa shi yana magana da karatu a bayyane, ko da muryarsa ta fara sauyawa, kuma ki hana yara kwaikwayonsa ko kiransa bebe. Ki sayi ƙaramin littafi ki riƙa rubuta abin da ya iya a yau, abin da kike so ya iya nan da wata ɗaya, da dabarar da ta yi aiki. A jami'a za a koya miki wannan da sunan tsarin koyo na ɗalibi ɗaya, za ki tarar kin riga kin fara, kuma littafin zai iya zama tushen binciken da za ki rubuta a shekarar ƙarshe.

Mahaifiyar ma ki nuna mata ta daina kwaɗa masa kira daga tsakar gida tana fushi bai amsa ba. Ta je inda yake, ta dafa kafaɗarsa, ta bari ya dube ta sannan ta yi magana. Idan sakamakon gwajin ya fito, ki rubuto min lambobin da ke jikinsa, na kunnen dama da na hagu, sai mu duba tare ko na'ura za ta wadatar da shi a ajinki, ko kuwa lokaci ya yi da ke da yaron za ku fara koyon maganar hannu.